Ni Na Kai Masarar, Amma Injin Malam Tanimu Aka Kulle

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan fili, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Don Allah a sakaya sunana, waɗanda zan ambata ma na canza musu suna. Ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin babu irin zagin da ban yi wa kaina ba cikin wata bakwai ɗin nan.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Dayi, ƙasar Malumfashi. Gidan da na yi aure gidan niƙa ne tun kafin a haifi maigidana. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, tana da duwatsun niƙa huɗu a rumfar tsakar gida, biyu daga ciki a hannun tata surukar ta gaje su. Ko da injuna suka shigo, mutane ba su daina zuwa ba, suna cewa tuwon garin dutse ya fi danƙo kuma ba ya warin ƙarfe. Har daga Kafur da Funtuwa direbobi kan tsaya su karɓar wa malaman makaranta da ma'aikata.

Shekara uku da suka wuce ƙaramar hukuma ta kafa doka cewa duk mai injin niƙa da mai sayar da gari sai ya yi daɓen siminti, ya sa raga a taga, kuma duba-gari ya riƙa zuwa dubawa duk wata. Rumfar Inna kuwa daɓen ƙasa ce, ta kuma rantse gara ta kife duwatsun da a fasa mata ita. Duba-garinmu, Malam Bulus, shi ya tsaya mana. Ya gaya wa manyansa cewa tun yana makarantar mishan yake cin garin gidan nan bai taɓa ganin ko tsakuwa a ciki ba, dutse ba ya tsatsa, ba ya zubar da baƙin mai, kuma in aka matsa wa tsohuwar sana'ar ce za ta mutu. Ya yi ta zirga-zirga a kan babur har aka ba mu takarda cewa gidanmu na niƙan gargajiya ne, an ɗauke masa dubawa. Ranar da ya kawo ta, durƙusawa ya yi ya miƙa wa Inna.

Bayan shekara guda ciwon baya ya kwantar da Inna, aiki ya dawo hannuna. Masu saye sun ƙaru saboda takardar, hannuna kuma biyu ne. Na fara ne da masara kwano biyar: na kai injin Malam Tanimu a Dayi kamar na cin gida, na dawo na bi da garin kan dutse sau ɗaya don ya yi kama. Babu wanda ya gane. Daga biyar na koma goma, daga goma na koma rabin buhu. Wa zai tambaye ni, tunda ba a duba mu? Inna tana ɗaki tana jin ƙarar dutse tana sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuto ba. A farkon daminar bana masara ta yi wuya a kasuwa, ga shi na yi wa mutane alkawari, cikinsu har da matar Malam Bulus. Maigidana yana da ragowar irin masara da ya karɓo wurin malaman gona, wanda ake shafa wa jan magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Da bakinsa ya ce mini ko kaji kada in bari su kusance shi. Ba zan ce ban sani ba, na sani. Amma na ji kunyar a ce gidan Inna an zo an koma hannu wofi, sai na ce wa kaina ai magani a bayan ƙwaya yake, ruwa zai tafi da shi. Na wanke sau uku, na shanya, na gauraya da 'yar masarar da ta rage, na kai wa Malam Tanimu ya surfa ya niƙa. Ya ɗebo a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ko ba iri ba ne. Na ce masa jar masara ce daga wajen Mahuta. Wace irin mace ce take iya faɗin haka idonta a bushe? Kuma abin da ya fi ci mini rai, ban tuƙa wa 'ya'yana ko loma ɗaya daga garin nan ba.

Kwana biyu tsakani aka fara amai da zawo a gidaje shida. Uku masu sayen garina ne, uku kuma waɗanda aka niƙa musu hatsi a bayana ne, injin ya shafa musu. Manya sun sha wuya sun tashi, amma Rifkatu, 'yar autar Malam Bulus mai shekara biyar, sai da aka kwantar da ita a asibiti kwana tara. Na je dubiya da kunu a hannuna. Uwarta ta riƙe ni tana kuka tana yi mini godiya, ni kuwa na kasa kallon gadon.

Malam Bulus ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da yake kusan kowa yana kai dawarsa injin Malam Tanimu, har da matarsa, can zargi ya nufa. Ya je ya tarar da jar dusar masarata a buhu a bayan injin. Gidanmu ko leƙowa bai yi ba, don a saninsa hatsinmu ba ya zuwa inji. Aka tambayi Malam Tanimu wa ya kawo, ya ce masu kawo niƙa suna da yawa, ba ya tunawa. Aka sa wa injin kwaɗo, aka karɓe lasisinsa, mutanen gari suka riƙa nuna shi da baki. Mutum mai 'ya'ya takwas, yanzu dako yake yi a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa.

Watan jiya na yi kiciɓis da shi a tashar Malumfashi, audugar ta yi masa fari a gemu. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Inna, sannan ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ban manta wanda ya kawo masarar nan ba. Nonon Inna na sha lokacin da uwata ta rasu, ba da bakina za a ji sunan gidanta ba. Amma ke kin sani, ni ma na sani." Ya juya ya hau mota. Wallahi da marina ya yi a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Tun da aka yi rashin lafiyar nan ban sake kai ko ƙwaya ɗaya inji ba, da hannuna nake niƙawa har tafukana sun farfashe, amma wannan bai buɗe injin kowa ba. Maigidana ya nemi ragowar irinsa na ce gara ta ci, ya yarda. Ga shi yanzu Malam Bulus ya zo jiya da fara'arsa, Rifkatu a gaban babur, har yanzu ba ta maida jikinta ba. Ya ce manya za su zo daga Kaduna mako mai zuwa, yana so ya kawo su su ga gidan da bai taɓa ba shi kunya ba, don a ba wasu tsofaffin gidajen niƙa irin takardarmu. Inna ta sa an fito mata da zanenta na ajiya.

In na faɗa, za a karɓe takardar, a tuhumi Malam Bulus da sakaci a kan aikinsa, aurena ma ban san inda zai tsaya ba, kuma ina tsoron zuciyar Inna ba za ta ɗauka ba. In na yi shiru, Malam Tanimu zai ci gaba da ɗaukar buhu a kan laifina, ni kuma in tsaya gaban baƙi ana yaba mini. Saura kwana shida su zo. Wa zan fara durƙusa wa, Inna, ko maigidana, ko uban yarinyar? Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?