Dariyar Ɗana a Ofishin Wata

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Harkokin Ɗalibai,
Kwalejin Koyon Aikin Likita.

Daga:
Mahaifiyar ɗalibi ɗan aji huɗu,
mazaunin ɗaki na goma sha bakwai, Masaukin Maza na Biyu.

18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Ƙorafi kan jami'ar da ke ba ɗalibai shawara, da roƙon a dakatar da sa hannu kan zaman ɗana a masauki lokacin hutun jinya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da abokan aiki. Ni ce mahaifiyar ɗalibin da aka ambata a sama, wanda likitocin asibitinku suka ce yana fama da ciwon damuwa, aka kuma ba shi hutun jinya na zango ɗaya. Labari ya iso mini cewa maganar tana kan teburinka: ana neman ka amince ya yi wannan hutu a masaukin ɗalibai maimakon gidan da aka haife shi, bisa ra'ayin jami'arku mai ba ɗalibai shawara. Aikin akawu na yi a ofishin rajista har na yi ritaya, na san idan babba ya sa hannu magana ta ƙare. Shi ya sa na gaggauta rubuto maka, ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

1. A ranar 7 ga Oktoba aka ɗauki ɗana daga ɗakinsa zuwa asibiti. Ashe ya daɗe da daina shiga aji, ya daina wanka, ya daina amsa sallama, yana kwance kawai fuskarsa na kallon bango. Abokin ɗakinsa ya tsorata, ya kira wannan jami'a. Ita ta zo, ita ta zauna a bakin gadonsa, ita ta riƙe masa jaka har ɗakin likita. Ni da na haife shi sai daga baya na tsinci labarin a bakin 'yar ƙanwata da ke koyon aikin jinya a nan, ita ma a baranda ta ji ana yi. Da na nemi dalili, aka ce yaron ya kai munzali, shi ke zaɓar wanda za a gaya wa. Na san doka, ba na jayayya da ita. Sai dai ina so ya shiga fayil cewa a cikin waɗannan kwanakin ina kiransa a waya, yana ɗauka, yana ce mini lafiya lau, har yana tambayata ko na sha maganin hawan jinina.

2. A ranar 29 ga Oktoba na je ofishin jami'ar da kaina. Ba zan yi mata ƙazafi ba: ta miƙe tsaye, ta ba ni kujera, ta zuba mini ruwa. Wallahi da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi, da na san abin da zan rubuta. Na roƙe ta ta gaya mini abin da ɗana yake faɗa mata, ta ce amana ce, ba za ta iya ba. A maimakon haka sai ta yi mini bayani irin na aji. Ta ce wannan ciwo yana kama ɗaliban likita da dama, ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba. Ta ambaci rashin barci, da jarrabawar da kafin a huce daga ɗaya, wata ta iso, da ganin mutuwa tun mutum bai gama girma ba, da nauyin burin da dangi ke ɗora wa yaro. Da ta zo kan na ƙarshen sai ta sunkuyar da kai tana gyara biro a kan tebur. Ni ba yarinya ba ce, na gane da wa take.

Ranka ya daɗe, bari in kare kaina tunda ba a ba ni dama a can ba. Gaskiya ne tun yana firamare muke kiransa Likita, har sunansa na yanka ya kusa ɓata a unguwa, ni ma Maman Likita ake ce mini. Amma shi ya fara. Ranar da mahaifinsa ya rasu muna zaune a benci muna jiran a duba shi, yaron nan da bakinsa ya ce shi zai zama likita. Ni dai na riƙe masa maganarsa, na yi ta tuna masa don kada ya yi sanyi. Gaskiya ne kuma idan ya zo hutu, kafin ya ajiye jaka falo ya cika: gwaggonsa da takardar gwajin suga, maƙwabci da kumburin ƙafa, mai shagon bakin layi da ƙurajen ɗansa. Ni nake shigo da su ina jera musu kujeru. To alfahari da ɗa ya zama laifi? Bai taɓa cewa ya gaji ba, ko sau ɗaya.

3. Na lura ɗalibai Mama suke kiran wannan jami'a, ɗana ma haka. Ban san ranar da ta yi naƙudarsu ba. A kan kantar ofishinta akwai kofuna a jere, an nuna mini wani shuɗi an ce nasa ne, da shi yake shan shayi duk Talata. Wannan ƙaramin abu ne, na sani, amma na kwana da shi a rai. Abin da ya fi shi zafi, abokin ɗakinsa ya raka ni bakin ƙofa yana ba ni labari, a zatonsa na san komai. Wai tun shekarar da suka shiga ɗakin fiɗar gawa ɗana ba ya iya haɗiye nama. Ni kuwa duk hutu tsokar da ta fi kowace girma nake sa masa, ina tsaye a kansa sai ya cinye. Wai akwai wata yarinya a ɗakin kwanciyar yara da yake ɗibar jininta kullum da safe, har ta saba da shi tana ɓoye masa abin sauraren ƙirji a ƙarƙashin filo, wata safiya ya je ya tarar an naɗe katifar. Wai ya faɗi wata jarrabawa a zangon da ya wuce ya sake rubutawa. Duk wannan jami'arku ta sani. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga shi ni a bakin yaron mutane nake jin labarin nawa ɗakin.

4. Wannan shi ne babban ƙorafina. A ranar Talata 12 ga Nuwamba na zo ban sanar da kowa ba, na zauna a bencin da ke gaban ofishinta ina jiran ya fito. Ta cikin ƙofa na ji ɗana yana dariya. Ba murmushin ladabi ba, dariya sosai, irin wadda yake yi yana ƙarami har numfashinsa ya sarƙe. Na manta rabon da in ji ta a gidana. Ya kamata in gode wa Allah, na kuma gode, amma ƙirjina ya yi zafi kamar an zuba mini garwashi.

Da ya fito ya gan ni, nan take ya gyara fuska. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kama wuyan hannuna yana jin bugun jijiya, ya ja fatar idona ya duba, ya ce na rame. Na yi tanadin magana tun daga gida, duk ta gudu. Sai na tuna kawunsa ya ba ni hoton ƙirjinsa na asibiti in kawo a duba masa, na ciro na miƙa, don na ga duba marasa lafiya shi ne abin da muka saba yin hira a kai. Ya karɓa bai yi musu ba, ya ɗaga shi saitin taga. A nan jami'arku ta fito, ta zare shi daga hannunsa a hankali, ta mayar cikin ambulan, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce an ba shi hutu daga duba kowane marar lafiya, har da na gida. A gaban ɗalibai ta yi haka, da mai shara da ke tsaye da tsintsiya. Na ga kafaɗun ɗana sun sauka, ya saki ajiyar zuciya. A iya zamana na aiki ba a taɓa mayar mini da abu a bainar jama'a ba. Ina ganin an ci mini fuska, ina kuma neman a rubuta haka.

5. Yanzu kuma ana so ya yi hutun a masauki, wai don ganawar Talata da kula da shan magani. Gidana ba a bayan duniya yake ba, mota ɗaya ce. Na wanke labulen ɗakinsa, na sauya katifa, na kwashe littattafan da ke kan tebur don kada ya gan su hankalinsa ya tashi. A masauki kuwa abokansa za su wuce aji da fararen riguna su bar shi shi kaɗai da fanka. Wane irin magani ne wannan da sai an raba ɗa da uwarsa?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kishi nake yi da matar nan, kishi mai tsanani, ina jin kunyar rubuta shi a takardar ofis da shekaruna. Na zo da niyyar in ce ta mallake mini ɗa, na nemi hujja ban samu ba. 'Yar'uwata da na kai wa kuka ta ce mini sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na yi fushi da ita har yau ba mu yi waya ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ofishinka:

(a) A ja hankalin jami'ar cewa idan tana da gyaran da za ta yi wa mahaifiyar ɗalibi, ta shigar da ita ciki ta rufe ƙofa.

(b) A dakatar da sa hannu har sai kai da kanka ka kira yaron, ba ni a wurin, ba ita, ka tambaye shi inda yake son ya yi hutunsa. Idan ita ta kitsa masa, a mayar mini da ɗana. Idan kuwa shi ya roƙa da bakinsa, to ka sa hannu, kada ka bi ta kaina, kada kuma a gaya masa na rubuto. Gara ya warke a hannunta da ya ci gaba da ce mini lafiya lau.

(c) A ba ni rana in gana da ita, ko sau nawa ta ga ya dace. Na haƙura da sirrinsa, ta riƙe. So nake ta koya mini abin da ake fara ce masa idan an zauna da shi, domin ni na rasa.

Ina fatan za a dubi wannan koke da idon rahama. Allah ya ƙara girma, ya ba duk ɗaliban da ke hannunku lafiya.

Taka cikin girmamawa,

(sa hannu)
Mahaifiyarsa