Ƙyallen da Kika Naɗe

Zuwa ga Verena, hasken idona, sanyin raina, ranata mai fitowa ko a tsakiyar hunturun Vienna,

Tun da kika tafi binciken masana'antar nukiliyar nan, kogin Danube ya zame mini ruwan toka, kofi ya koma ɗaci zalla. Yanzu ga shi an karɓe fasfonku, an hana ku fita, wai ku baƙin gwamnati ne. Baƙo ake girke wa soja a ƙofar ɗaki? Likitan ofishin jakadancinmu ya yi alkawarin miƙa miki wannan wasiƙa hannu da hannu. Ki karanta ki yaga.

Kin san tsarin aikinmu. Ku shafa ƙyallen auduga a bango da injuna, ku rufe a leda, a aiko mana ɗakin gwaji ba suna, ba ƙasa, sai lamba, don kada zuciyar mai awo ta karkata. Wanda ya kafa wannan doka bai taɓa zama gida ɗaya da ke ba. Ina buɗe wata leda na ga an cusa kusurwa ɗaya ta ƙyallen ciki, kamar kunnen kyanwa mai barci. Duk faɗin duniya wa ke naɗe ƙyalle haka in ba ke ba? Na ji kamar tafin hannunki ne aka ajiye a teburina.

A jikinsa kuma, ya furen zuciyata, na tarar da ƙurar yuraniyom da aka tace tacewar da babu wutar lantarkin da ke buƙatarta. Ta bam ce.

Na san abin da zai biyo baya. Masu kwat ɗin nan da suka shekara a otal suna cin kek suna tauna magana ɗaya, ta yarjejeniyar nukiliya da ƙasar da kika je, za su tashi baram-baram, ke kuwa kina hannun mutanen. Zuciya ta ce in rubuta cewa ƙyallen ya gurɓace a hanya. Wa zai sani? Sai na tuna yammacin nan a gonar inabi ta Kahlenberg, ganye ya yi ja, iska tana wasa da gashinki, kika nuna ni da cokali kika ce, "Alois, ranar da ka yi ƙarya saboda ni, ka tattara komatsanka tun kafin in dawo." A lokacin dariya na yi.

Na sa hannu a kan gaskiya, Verena. Sakamako ya fita, tattaunawa ta rushe, aka kulle ki. Kullum da safe mahaifiyarki sai ta kira ta ce, mu da injunanmu babu mai iya auno mata ranar dawowar 'yarta? Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa sanin irinsa ba.

Ina roƙonki, tauraruwata, ki ci abinci ko ba daɗi. Ki sa rigar sanyin nan shuɗiya. Ki riƙe wannan bakin naki gaban masu gadi, ba ni ba ne da za ki yi wa tsiya in yi murmushi.

Ƙyallen goge baki da kika naɗe ranar tafiyarki yana nan a teburin kicin, kusurwarsa a cushe. A tsaye nake cin abinci don kada in taɓa shi. Babu hannun da zai warware shi sai naki, ko gashina zai yi fari fat ina jira.

Naki, kina kulle ko kina sake, har numfashina na ƙarshe,
Alois