Sunan da ke Gaba

Gyadi-Gyadi, Kano
4 ga Maris

Maman Patience,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Kafanchan. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na daɗe ina auna wannan wasiƙa kafin in rubuta ta. Maƙalar da muka yi da mijinki marigayi Gideon a kan masu adaidaita sahu, wadda ta shekara biyu a hannun masu tantancewa, mujallar ta karɓe ta. Da na karanta saƙon sai na miƙe zan leƙa ofishinsa. Sai da na kama ƙofar na tuna.

Ga abin da ke damuna. A watan Yuni kwamiti zai zauna a kan tabbatar da ni a aiki, kuma ita ce damata ta ƙarshe. A ƙa'idar jami'armu, wanda sunansa ya zo farko a maƙala shi ke ɗaukar maki mafi yawa. Sunan Gideon ne a farko. Idan na dawo da nawa gaba, makina ya cika. Idan na bar shi, bai cika ba. Shugaban sashenmu ya ja ni gefe ya tunasar da ni cewa mamaci ba ya neman ƙarin girma.

Amma binciken tunaninsa ne. Wata goma sha huɗu yana goya ni a babur muna bin tashoshi har Unguwa Uku, shi yana jan direbobi da hira, ni ina rubutawa.

Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai ke.

Ɗan'uwanki,
Anas Sama'ila

Gyadi-Gyadi, Kano
29 ga Yuni

Maman Patience,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar yara. Amsarki ta iso tun Afrilu, kunya ce ta hana ni rubutu. Kin ce in canza, Gideon da kansa zai yi mini tsiya idan na ƙi. Na gode. Na san zai yi.

Ban canza ba. Kwamiti ya zauna shekaranjiya, kuma zangon karatun nan ne na ƙarshe a gare ni a jami'ar. Kada ki ɗauka jarumta ce. Sau uku ina buɗe shafin farko na maƙalar in rufe. Nan ne kaɗai ya rage inda muke zaune yadda muka saba, shi a gaba, ni a bayansa.

Ga kwafi ɗaya, ki ajiye wa Patience har ta iya karanta shi.

Ki gaishe mini da Baba. Allah ya raya abin da Gideon ya bari.

Ɗan'uwanki,
Anas