Rigar Aikin da Ta Raba Mu da Tallafi

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Kina lafiya? Ya Alhaji da yara, ya ciwon ƙafar? Ya zaman Fatakwal? Mu nan Mandawari sai godiya.

Yaya, aikin sharar asibitin da kika samo mini ya zame mini abin kuka. Ranar Asabar matan ƙungiyar tallafa wa marayu da ke ba mu hatsi da maganin Habibu suka zo gida, suka tarar da rigar aikina a kan igiyar shanya. Shugabarsu ta ce, "Maman Habibu, ai kin zama mai albashi, sai a ba wasu."

Na ce, "Hajiya, albashin ko maganin sikilar Habibu ba ya isa."

Ta ce ƙa'ida ce. Aka yanke maganin da hatsin gaba ɗaya.

Wallahi ina son aikin nan. Tun rasuwar maigidana Malam ban ji ni ma mutum ce ba sai da na sa rigar. Amma jiya Habibu ya wuni yana kukan ciwon ƙashi, ba abin da zan ba shi. Gobe zan mayar wa asibitin rigarsu. Ki yafe mini wahalar da kika sha.

Ki gaida kowa. Ki taya ni addu'a ƙungiyar ta yarda na koma marar komai.

Ƙanwarki,
Hadiza