Ku Leƙo Mana Garinmu da ke Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Zuwa ga Shugaban hukumar da ke shirin harba taurarin ɗan'adam masu duba gaɓar teku da yanayi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni masunci ne a Tiga, kuma tun da na ji labarin taurarinku a rediyo bakina ya ƙi rufuwa. An ce daga sama za su riƙa ganin inda ruwa ya ci ƙasa da inda ya ja baya. Ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna. Har sabon fenti na yi wa kwalekwalena, kore shar, kada ya fito a hoto ya ba ni kunya. Mai ɗakina sai dariya take mini, wai saura in sa babbar riga in tsaya tsakar gida ina ɗaga wa sama hannu.

Amma ina da ƙorafi.

Na farko, teku kawai na ji ana ambata. Mu ma muna da gaɓa, kuma ruwanmu garuruwa ya haɗiye. Garin da aka haifi mahaifiyata yana ƙarƙashin dam ɗin nan, da kaburburan iyayenta.

Na biyu shi ne ya sa na ɗauki biro. Duk shekara bayan ƙaramar salla nakan tuƙa mahaifiyata zuwa daidai saman garin, ta yi musu addu'a. Alamarmu kan wani busasshen rimi ne da ke leƙowa daga ruwa. Bara iskar damina ta karya shi. Bana na kai ta, muka yi ta zagaye. Wannan masunci ya nuna gabas, wancan ya rantse yamma ne. Ta ƙi ɗaga hannu, ta ce ba kifi ta zo yi wa addu'a ba. Haka muka juyo gida. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Roƙona, in rani ya yi ruwa ya ja, a sa tauraro ɗaya ya ɗan leƙo nan. Garin yana da ganuwa, ina kyautata zaton zanenta zai fito. Ku dai nuna mini wurin, kafa sabuwar alama aikina ne.

Sai dai ku hanzarta, ranka ya daɗe. Zumuɗi ya sa na riga na gaya wa mahaifiyata za ku nemo, ta kuwa yarda. Ta tsufa ƙwarai, kullum in na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko an harba.

Allah ya dafa maka, ya sa su tashi lafiya.

Wassalam.
Naka, Sale masunci, Tiga.