Gitarka Tana Tsatsa a Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamata daga ƙanwa zuwa ga wanta, ina fatan wannan saƙo zai riske ka duk inda kake, kuma ko a wane hali kake. Ni ce Maimuna. A shafinka nake rubutawa, domin nan ne kaɗai ya rage inda ake kiran sunanka ba a ce marigayi ba. Na san masu bin kiɗanka za su karanta. Su karanta ɗin. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya gan ka.

Abin da muka sani shi ne abin da Bulus, mai buga muku ganga, ya faɗa mana. Kun tashi daga Garwa za ku yi wasa a bikin wasu masunta a hayin tafkin Lagdo. Kuna tsakiyar ruwa hadari ya taso, iska ta kifar da kwalekwalen. Bulus ya kama wata jarka, masunta suka tsamo shi da sauran mutane. Kai, ya ce, ganin ƙarshe da ya yi maka kana ɗaga jakar gitar sama da kanka, kana iyo da hannu ɗaya.

Haba Yaya. Me ya sa ba ka sake ta ba?

An nema har aka gaji. Bayan wasu kwanaki ragar wani masunci ta jawo jakar, jandarma suka kira Baba ya je ya karɓa. Ya shigo da ita a rungume, tana ɗigar da ruwan laka a babbar rigarsa. Inna ta kalle ta sau ɗaya ta koma ɗaki. Tun ranar ba ta cika magana ba.

Ka tuna wannan gitar ba ta taɓa kwana a gidanmu ba. A ɗakin Bulus take zama a Jambutu, saboda Baba ya ce muddin yana raye ba za ta ƙetare zaurensa ba. Kakanninsa, in ji shi, da ƙafa suka zo daga Kano suna fatauci, ba su haifi wanda zai rataya katako a wuya yana yi wa mashaya kiɗa ba. Kai kuwa sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," da yamma kuma ka tafi wajen wasanka.

To yanzu a ɗakinsa take, kan tabarma, kusa da buzun sallarsa.

Da muka buɗe jakar, wallahi ban gane ta ba. Wayoyin nan shida da kake gogewa da tsumma bayan kowane wasa sun yi ja wur. Kunnuwan da kake murɗawa sun cije, ko motsi ba sa yi. Ƙarafan da ke jere a wuyanta sun yi kore. Ramin da ake soka wayar lantarki cike yake da laka, har da ɗan ƙaramin dodon koɗi a ciki. Jan fentin ne kawai bai canza ba.

Na ɗauka Baba zai ce a fitar da ita. Sai na ji ya ce, "Maimuna, kawo min man keken ɗinkin uwarki."

Yaya, Baba ya bar zuwa kasuwa. Rumfar atamfar da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi buɗewa ba, Kawu Sale ne ke zaune a cikinta yanzu. Shi kuwa da an idar da sallar walaha sai ya sa tabarau, ya zauna da tsohon buroshin haƙori da soson ƙarfe. Ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a murfin kwano. Wani ya ce masa a binne gitar cikin buhun shinkafa ta tsotse damshin, muka binne. Wani ya ce lemun tsami, muka matsa, ƙarfen ya yi haske da rana, washegari ya wayi gari ya fi da ja. Bulus ya zo ya ce mun bar tsamin ne bai bushe ba, a jiƙa ƙusoshin a kananzir, a goge, a shafa mai. Muka yi. Amma ka san daminar Garwa. Ko gishiri narkewa yake a kwano. Abin da muka goge yau, jibi ya dawo.

Ranar da Baba ya yi ƙoƙarin murɗa kunne ɗaya, waya ta tsinke ta tsarge masa yatsa. Jini na zuba, na ruga zan ɗauko tsumma, ya daka min tsawa. "Bar ni! Duba min ko na ɓata masa fenti."

Ban taɓa jin tsoro kamar na ranar ba. Ina kallon mutum yana ramewa a gabana, ba ya cin abinci sai an yi da gaske, kuma ba ni da abin da zan ce masa, domin ni ma abin da nake yi ke nan. In ya gaji ni nake karɓar buroshin.

Wata mai sayar da bandar kifi ta ce wa Inna an tsinci wani mutum a wani ƙauye can gefen tafkin, bai san sunansa ba, ba ya magana. Ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Bulus ya ɗauke ni a babur har Lagdo, muka shiga ruwan nan da na rantse ba zan ko kalle shi ba. Muka tarar da wani bawan Allah mai furfura yana zaune a gindin bishiya. Matar da ke kula da shi ta dube ni ta ce, "Munyal, 'yata," wato in yi haƙuri. Na durƙusa a gaban mutumin da ban sani ba na yi ta kuka, shi kuma yana shafa kaina.

Kawu Sale ya daɗe yana cewa a tara mutane a yi maka addu'a, a raba sadaka, kowa ya samu natsuwa. Duk lokacin da ya kawo maganar, Baba sai ya ce, "Bari mu gama gyaran nan tukuna."

Shekaranjiya aka gama. Bulus ya samo sababbin wayoyi wajen masu kiɗan cocinsu, ya ɗaura. Mai gyaran rediyo ya canza ramin wayar, ya ce cikin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ɗaya ne kawai ke da sauran rai, sauran tsatsa ta cinye su ta ciki inda hannu ba ya kaiwa. Bulus ya ɗauko amfili, akwatin nan mai ƙara sauti, a bayan babur ya kawo har tsakar gidanmu. Baba da kansa ya nuna masa inda zai jona wuta.

Da farko gurnani kawai muka ji, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Bulus ya jijjiga wayar. Sai ga sauti, siriri, yana shaƙewa, amma sauti ne. Ya ɗan kaɗa kiɗan nan da kake buɗe wasa da shi. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan baki.

Baba ya saurara har ƙarshe. Bai taɓa jin ka kana bugawa ba, Yaya, ko sau ɗaya. Ya tambayi Bulus, "Haka yake yi?"

Bulus ya ce, "A'a, Baba. Ni ganga na iya. Nasa ya fi wannan nesa ba kusa ba."

Baba ya cire tabarau. Ya ce, "Na gode, ɗana. Kashe." Ya juya wajen Kawu Sale ya ce a sanar da mutane za a yi addu'ar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Shi ya sa nake rubuto maka. An sayo gero, an aika wa dangin Inna a Yagwa. Ni ban yarda ba, amma ba wanda ya tambaye ni. Yaya, don girman Allah, in kana wani ƙauye, in wani ya tsince ka, in kunya ce ko ciwo ko rashin waya, ka aiko da ko kalma ɗaya kafin Juma'a. Ba sai ka yi bayani ba. Ba wanda zai yi maka faɗa. Ka zo ka buga a tsakar gida da rana tsaka, a gaban maƙwabta, Baba zai shimfiɗa maka tabarma da hannunsa.

Ya Allah, kai ka san abin da ke ƙarƙashin ruwa da abin da ke bayan tudu. In Yayana yana da rai, ka buɗe masa hanyar gida. In kuma ka riga ka karɓe shi, ka yi masa rahama, ka nuna mana inda yake mu rufe shi da hannunmu. Ka ba Inna baki ta yi magana, ka ba Baba cin abinci. Ni kuma ka ba ni ƙarfin zama cikin mata ranar Juma'a, in amsa gaisuwar da ban shirya amsawa ba. Amin.

Taka ƙanwa, mai sauraren ƙofa,
Maimuna