Rasuwar Malama Habsatou Tankari da Batun Jakarta Mai Ruwan Toka

Daga Ƙungiyar Matan Hausawa Mazauna Guangzhou, zuwa ga iyalan Alhaji Tankari Illa na Maraɗi da sauran jama'a.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Matan Hausawa Mazauna Guangzhou, ƙarƙashin jagorancin uwarmu Hajiya Fasuma Sharif, ta karɓi labarin rasuwar Sakatariyarta, Malama Habsatou Tankari, ɗiyar Alhaji Tankari Illa, babban ɗan kasuwar Maraɗi mai sarin jakunkuna a garin Shiling, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin Talatar makon jiya a wani asibiti da ke Panyu, tana da shekara ashirin da uku, bayan ciwon sikila da ta taso da shi ya motsa mata. Marigayiya ce take rubuta wa ƙungiya irin wannan takarda duk lokacin da aka yi rashi, yau kuwa ta faɗo hannun mataimakiyarta, saboda haka muna roƙon manya su yafe duk kuskuren da suka gani.

Shekara biyar ke nan da zuwan Malama Habsatou ƙasar Sin, kuma tun da bakinta ya faɗa da yaren mutanen nan ta mayar da kanta 'yar rakiyar iyayenmu mata zuwa asibiti. Kafin ita, mace takan tafi da tafinta namiji, kunya ta kama ta, ta nuna ciki alhali ba can ciwon yake ba, ta dawo gida da maganin gyambon ciki tana sha ba sauƙi. Marigayiya ta kawo ƙarshen wannan. Ko tana aji aka kira ta, tana fitowa za ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ta iske mai lalura, kuma abin da ta ji a ɗakin likita a can take barinsa. Ranar Asabar kuma ta ware mana ita, mu 'yan mata na sakandare, tana duba mana darasi.

Marigayiya tana shekara ta uku a jami'a. Babban karatunta nazarin zamantakewar al'umma ne, ƙaramin fannin da ta haɗa da shi kuma sunansa Nazarin Jinsi da Jima'i. Mun rubuta sunan a fili duk da nauyinsa a baki, domin raɗa da aka yi ta yi a kansa ta isa haka. An ce takardar shaidar lalata take nema. An ce wasu ne daga waje suke tura ta tattara asirin gidajen Musulmi. Akwai waɗanda suka hana 'ya'yansu zuwa darasin Asabar. Abin da ita ta gaya wa taron ƙungiya, tana riƙe da takardar izinin makaranta da amincewar mahaifinta, shi ne tana so ta gane yadda macen da za ta tsaya a kasuwar Shisanhang ta yi ciniki da mai shago har ya ɗaga hannu ya sallama, za ta kasa gaya wa likita ko mijinta inda ke damunta. A kan haka ta zauna da mata ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, ta naɗi maganarsu a 'yar na'ura, bisa alkawarin za ta sauya sunayensu, kuma ta goge muryoyin da zarar ta gama rubutu. Na'urar da littafin da ta rubuta ainihin sunayen suna cikin wata jaka mai ruwan toka. Allah bai nufa ta gama ba.

Ba al'ada ba ce a sako wani zance cikin ta'aziyya, amma dole ta sa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mata duk suna zaman karɓar gaisuwa a gidan Hajiya Fasuma, wani mutum sanye da takunkumin baki ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin marigayiya, ya iske abokiyar zamanta Malama Rekiya Shitu ita kaɗai. Ya yi mata gaisuwar rashi da kyakkyawar Hausa, ya ce gobe zai tashi zuwa Yamai, kuma Alhaji Tankari, wanda ke gida Maraɗi tun wata biyu, ya ce ya taho masa da sallahu. Kowa a nan ya san yadda muke da sallahu: mai tafiya gida yakan ɗauki saƙon ɗan'uwa, ba a neman shaida, ba a tambayar suna sau biyu, domin tambayar ma rashin kunya ce. Malama Rekiya ta miƙa masa jakar nan mai ruwan toka da ya nema, har ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Da Hajiya Fasuma ta kira Alhaji, ya rantse bai aiki kowa ba. Da aka nemi mai gadin ginin ya nuna hoton kyamarar ƙofa, ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu.

Ƙungiya ta lura da abubuwan da ba su kwanta mata ba. Mutumin bai tambayi tufafin marigayiya ba, bai tambayi fasfo ko wayarta ba, waɗanda su ne uba zai fara nema. Kai tsaye ya ce jaka mai ruwan toka da ke rataye bayan ƙofa. Ita kuwa jakar nan ƙarƙashin gado take zama tun da aka saye ta, sai ranar Laraba da aka gyara ɗaki domin masu gaisuwa aka rataye ta a can, kuma daga Laraba zuwa Alhamis babu namijin da ya taka ɗakin. Ke nan a cikin waɗanda suka zauna a kan tabarmar nan suna share hawaye akwai wadda idonta ke kan bango. Haka kuma mun lura wasu da suka fi kowa aibata karatun marigayiya su ne yanzu ke turo dogayen saƙonnin murya na yabo, kuma kowane saƙo sai ya ƙare da tambayar ina aka kai kayan karatunta. Ba mu kama sunan kowa ba, ba kuma za mu kama ba sai da hujja. Amma ranar Lahadi ɗaya daga cikin iyayenmu ta sami saƙo daga lambar da ba ta sani ba, kuma babu komai a ciki sai muryarta ita kanta, 'yar gajeruwa, tana faɗin abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai Habsatou. Tun ranar ba ta fita kasuwa ba.

Saboda haka taron gaggawa na ranar Litinin ya wanke Malama Rekiya daga kowane zargi, domin abin da dukanmu za mu yi ta yi. Daga yau kada 'yar ƙungiya ta ba da sallahu sai ta ji muryar mai aiken da kunnenta. Wanda jakar ke hannunsa kuma, ya ajiye ta a gidan abincin Hajiya Sauda kafin Juma'a mai zuwa, ba mai tambayarsa komai, kuma a gaban shaidu za a goge na'urar a ƙone littafin, a cika wa marigayiya alkawarinta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifinta Alhaji Tankari Illa, da mahaifiyarta Hajiya Ramatou, da 'yan'uwanta na Maraɗi da Yamai, da malamanta da abokan karatunta. Allah Ya gafarta mata, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyayenta haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Alhaji, 'yarka ba ta ci amanar kowa ba, mu shaida ne.

Ga wanda yake tunanin zai ware mace ɗaya ya tsorata ta kuwa, ya sani cewa a taron Litinin Hajiya Fasuma ta fara miƙewa ta ce muryarta na cikin na'urar, sannan mata sittin da ɗaya na ƙungiyar nan, wadda ta zauna da marigayiya da wadda ba ta zauna ba, kowace ta sa hannu a takarda cewa tata ma tana ciki. Duk muryar da aka saki, mu duka za mu amsa cewa tamu ce.

Sa hannu:
Saffana Sabiru,
Mataimakiyar Sakatariya, kuma ta sittin da ɗaya a takardar,
a madadin Shugaba, Hajiya Fasuma Sharif,
Ƙungiyar Matan Hausawa Mazauna Guangzhou.